Makarantar Ƙwallo a Idon Yaron da Ke Cikinta

Manya kan auna makarantar horar da 'yan ƙwallo da kyan filinta da yawan taurarin da ta yaye, amma yaron da ke kwana ya tashi a cikinta da wani ma'aunin yake dubanta. Wani bincike da aka wallafa a Ingila a 2014 ya tambayi matasan irin waɗannan makarantu ra'ayinsu. Sun yaba wa koyarwa da tsarin atisaye, amma sun nuna cewa ba a cika damuwa da sanin su waye su bayan an tashi daga fili ba, kuma hanyar shiga babbar ƙungiya ba a fayyace take ba. Koken nan ya cancanci a saurara, domin mafi yawan yaran ba za su taɓa cin abinci da ƙwallo ba. Ɗan shekara 16 da aka kira ofis aka ce ya tattara takalmansa, alhali ya bar karatu da abokan unguwa tun yana ƙarami, ina zai dosa?

Wasu za su ce ai kulob kasuwanci yake yi, kuma wahala ce ke gasa ɗan wasa. Gaskiya ne ba a zama gwani da shagwaɓa. Sai dai yaron da ke tsoron kora kullum ɓoye ciwon gwiwarsa yake yi, ya ƙi gwada sabon salo don gudun kuskure, kuma kulob ɗin ne ke asara. Makarantar Right to Dream da Tom Vernon ya kafa a Ghana a 1999 ta haɗa karatun aji da atisaye, ta kuma buɗe ƙofa biyu, ta kulob ɗin Nordsjælland na Denmak da ta guraben karatu a Amurka. Ta wannan makaranta Mohammed Kudus, ɗan unguwar Nima a Accra, ya bi har ya isa Ajax a 2020. Kula da rayuwar yaro bai rage wa ƙwallonsa komai ba. Ko Crystal Palace a 2022 ta sanar da shirin tallafa wa matasan da ta sallama har shekara uku.

Don haka, iyaye, kafin ku sa hannu a takarda, ku tambayi makarantar abin da ta tanadar wa yaron da ba ta zaɓa ba, ku kuma tambayi yaran da ke cikinta.