Ku Auna Gungume Kafin Ku Sayi Injin Yankan Itace

'Yan'uwa, da farkon damina iska takan kayar da manyan itatuwan darbejiya da ɗorawa a ƙauyukan Kiyawa, wani ya tare hanya, wani ya danne katanga. Idan ƙungiyarku ta tara kuɗin sayen injin yankan itace, kada ku ce sai mai dogon takobi, wato ƙarfen nan da sarƙa take zagayawa a kansa.

Ku fara auna faɗin gungumen. Takobi mai inci 20 yana iya raba gungume mai faɗin inci 36, in an yanka ta gefe ɗaya sannan aka koma ɗaya gefen. Inji mai ƙarfin cc 60 ya isa wannan aiki. In kuwa aka ɗaura wa ƙaramin inji dogon takobi, sarƙa za ta riƙa cijewa, injin ya yi zafi, kuɗin jama'a ya salwanta.

Babban Stihl 070 yana jan takobi mai inci 36, amma nauyinsa ya kai wajen kilo 15. A ganina, wannan na masu sana'ar katako ne. Wanda ya gaji ba ya lura da bakin takobi, kuma da zarar bakin ya taɓa reshe, injin yakan zaburo wajen fuskar mai yanka.

Kafin ku biya, ku tambaya ko ana samun sarƙarsa a Dutse, ko sai an je Kano. Itacen da ke tsaye kuwa, a nemi izinin malamin daji tukuna.