KARATUN KASUWANCI BAYAN JAMI'A: ABIN DA UBA YA KAMATA YA SANI KAFIN YA SAYAR DA SANIYA

A garuruwan bakin Komadugu, daga Difa har Boso da Barwa, akwai gidajen da ɗansu ya gama jami'a ya dawo da takardar lisansi. Iyaye su yi murna, suna cewa wahala ta ƙare. Sai yaro ya ce: "Baba, da saura. Ina son in ƙaro karatun kasuwanci." Uba ya yi shiru yana duban garke, don ya san daga nan kuɗin za su fito. To, wane irin karatu ne wannan, kuma me zai ƙara wa gida?

Tsawon hanya

Yaro yana yin shekara 6 a firamare, 4 a kwaleji, 3 a lise, sannan ya ci jarrabawar bak. A jami'a ya yi shekara 3 ya samu lisansi. Jimla shekara 16 ke nan. Karatun da ake magana a kai yana bayan wannan.

A Nijar sunansa mastar, shekara 2 ne. Ana koyar da tattalin arziki da sarrafa dukiya a Jami'ar Abdu Mumuni ta Yamai da kuma Jami'ar Tawa. Jami'ar Difa, wadda aka kafa a 2014, ta fi ba da ƙarfi ga ilimin noma da muhalli. Saboda haka mai neman wannan fanni yakan yi tafiya, kuma daga Difa zuwa Yamai ya fi kilomita 1300.

A Najeriya akwai wata difloma ta bayan digiri, wadda galibi shekara 1 ce. Jami'ar Bayero ta Kano da Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya suna bayar da ita. Amfaninta shi ne, wanda ya karanci noma ko koyarwa yana iya shiga fannin kasuwanci ta wannan ƙofa. Amma can da Turancin Ingilishi ake karatu. Ɗan Nijar da ya tashi da Faransanci sai ya fara gyara harshensa.

Me ake koyo?

Na farko, lissafin shiga da fita. Ga misali. A ce manomi ya kashe jika 300 a gonar tattasai: iri, takin zamani, man injin ban ruwa, maganin ƙwari da ladan ƴan ƙwadago. Ya samu buhu 20. Ke nan kowane buhu ya ci masa jika 15. In dillali ya saya jika 14, manomi zai koma gida da jika 280, aljihu cike, ana yi masa barka. Alhali ya faɗi da jika 20, ban da gumin kansa da na iyalinsa. Wanda bai rubuta ba, ba zai ga wannan asara ba sai lokacin sayen taki ya zo.

Na biyu, sanin kasuwa da canji. Yawancin busasshen tattasan Difa Najeriya yake tafiya, kifin Tabkin Cadi ma haka, kuma da naira ake yawan ciniki. A 2023 darajar naira ta faɗi ƙwarai. Wanda ya karɓi naira ya ajiye, da ya zo canzawa zuwa sefa sai ya tarar kuɗinsa sun ragu, ko da yake ba wanda ya taɓa su.

Na uku, bashi da ajiya. Lokacin girbi kowa yana sayarwa, farashi ya faɗi. Akwai dabarar da ƙungiyoyin manoma na Nijar suka daɗe suna yi: a tara amfanin gona a sito, a kulle da kwado biyu, makulli ɗaya wurin ƙungiya, ɗaya wurin mai ba da bashi. A karɓi bashi a yi wata sana'a. Bayan watanni, in farashi ya hau, a sayar a biya. Amma farashi ba ya hawa kowace shekara. In abin da ya ƙaru bai kai kuɗin ruwa da na sito ba, an yi aikin banza. Wannan lissafi yana buƙatar mai ilimi.

Na huɗu, doka: takardun duwan, haraji, rajistar ƙungiya, da yadda ake rubuta yarjejeniya tsakanin mai kaya da mai saye.

Darasin shekarun wuya

Mutanen wannan kwari sun ga abin da babu littafin da ya shirya su a kai. A watan Fabrairu na 2015 Boko Haram ta kai hari Boso da Difa. Aka kafa dokar ta-ɓaci. Aka hana hawan babur, aka tsayar da cinikin tattasai da na kifi, aka taƙaita mai da taki. Sai a 2017 aka sake buɗe cinikin tattasai, kamun kifi kuma a 2019. Mutanen Barwa sun bar garinsu a 2015, ba su fara komawa ba sai watan Yuni na 2021. A watan Agusta na 2019 Najeriya ta rufe iyakarta har zuwa Disamba na 2020. Ga kuma ambaliyar Komadugu da ta sha cinye gonaki.

Darasin a fili yake. Wanda abincinsa ya rataya ga kaya iri ɗaya, hanya ɗaya da mai saye ɗaya, ranar da aka rufe hanyar shi ke nan. Ɗan gida mai ilimin kasuwanci ba zai iya tsayar da yaƙi ko ruwa ba. Amma yana iya nemo masu saye a Damagaram, Maraɗi da Yamai, ya haɗa kan manoma su yi lodin mota ɗaya, ya koya wa ƙungiya ware wani abu don ranar wuya.

Kafin a kai saniya kasuwa

Takarda ba ta ba da aiki da kanta. Akwai masu mastar da yawa da ke zaune suna jiran a ɗauke su. Matambayi ba ya ɓata, saboda haka uba ya zauna da ɗansa ya yi masa tambaya huɗu. Gwamnati ta amince da makarantar da takardarta? Nawa ne kuɗin duka, har da ɗaki, abinci da mota? Za a iya haɗa karatun da wani aiki? In an gama, ina za a yi amfani da shi?

Akwai kuma gwaji mai sauƙi. A ba yaro littafi da alƙalami ya riƙe lissafin gonar gida ko na garke kaka ɗaya. In ya iya faɗin abin da buhu ɗaya ya ci da ribar da ya bari, ya nuna niyya. In ya raina aikin, saniya ta zauna a garke tukuna. Makiyayi kuwa ya san ba a sayar da uwar garke in akwai bijimi.

Tushen abin yana nan kusa. Manomin da ke zuwa ajin yaƙi da jahilci, ya koyi rubuta lamba da karanta sikeli, ya riga ya shiga darasin farko na wannan ilimi. Shi ne zai iya duba littafin ɗansa ya gane ko daidai ne. Saboda haka kowa ya samu ƙaramin littafi, ya fara rubuta abin da ya kashe tun daga ranar sayen iri.