Kafin Ka Cika Tankin Kifi Da Ruwa, Duba Daɓen Da Zai Zauna A Kai



A damunar da ta wuce wani matashi daga wajen garin Rogo ya kira ni hankalinsa a tashe. Ya sayi tankin roba mai cin lita 1,000, ya sa mai walda ya yi masa teburin ƙarfe mai ƙafa huɗu, ya kafa shi jikin katanga a tsakar gidan da yake haya, ya zuba tarwaɗa. Kifi lafiya lau suna ta girma. Amma ba a rufa wata biyu ba siminti ya tsage, ƙafa ɗaya ta lume, tanki ya karkace. Ruwan da yake zubarwa kuma ya jiƙa gindin katangar ƙasa da ta raba su da maƙwabci. Magana har gaban mai unguwa, mai gida ya ce ko ya gyara ko ya tashi. Dole ya karyar da kifin tun ba su isa sayarwa ba.

Kun ga wannan asarar, ba cuta ce ta jawo ta ba, ba kuma tsadar abinci ba. Ƙasan tanki ne kawai ba a shirya ba. Mu a Karaye da Rogo mun saba ganin kifi daga dam ɗin Challawa da na Kusalla, inda ruwa ke zaune a wurinsa. To idan ka kawo ruwan cikin gida, kai ne za ka yi masa mazauni.

Ruwa fa yana da nauyi

Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. Ke nan tanki mai lita 1,000 tan ɗaya ne cif, daidai da buhun siminti 20. Tankin tamfol mai ƙafa 10 tsawo, ƙafa 10 faɗi, da aka zuba wa ruwa zurfin ƙafa 3, yana ɗauke da kusan lita 8,500, wato buhun siminti 170. Ko akwatin gilashin nan na kifin ado da ake sawa a falo, idan mai lita 200 ne, ka haɗa da gilashi da tsakuwa da teburinsa, zai kai kilo 250.

Abin lura shi ne ta inda nauyin ke sauka. Tankin nan mai kejin ƙarfe, gindinsa mita 1 ne da mita 1.2. Idan ya zauna daram a ƙasa, nauyi ya bazu ko'ina. Amma da zarar ka ɗora shi kan ƙafafu huɗu na ƙarfe mai inci 2, duk tan ɗin nan ya taru a wurare huɗu da kowannensu bai kai tafin hannu ba. Matsin da daɓe ke sha a nan ya ninka fiye da sau 100. Yawancin simintin tsakar gidajenmu kuwa shafe ne kawai a kan ƙasa, an yi shi don tafiya da shanya, ba don ɗaukar tan guda ba.

Danshi kuma ɓarnarsa a ɓoye take

Ruwan tarwaɗa ba ya jimawa yake lalacewa. Idan kana sauya rabin ruwan tanki mai lita 1,000 duk bayan kwana biyu, a wata ɗaya ka zubar da lita 7,500. Ka tambayi kanka, ina duk wannan ruwa yake tafiya? Idan gindin katanga yake bi, ginin ƙasa tsotse shi zai yi ta yi, ya yi laushi daga ƙasa, sai ruwan watan Agusta ya zo ya ƙarasa shi. Ginin bulo ma fenti zai fara ɓarewa, filasta ta riƙa zuba. Ga tsatsa a ƙafar tebur, ga gara da ba ta ƙin jiƙaƙƙen katako, ga sauro da wari.

A Turai da Amurka, inda ake daɓe ɗakuna da katako mai tsada, masu kifin ado da waɗannan abubuwa biyu suke fama: ƙafar tebur ta lotsa katako, ruwa ya kwanta a ƙasa katakon ya kumbura ya yi baƙi. Mu namu siminti ne da tayil da leda, amma maganin duk ɗaya ne: baza nauyi, hana ruwa kwanciya.

Abin da za ka yi

1. Zaɓi wuri. Ka bar aƙalla mita ɗaya tsakanin tanki da bango, in katangar ƙasa ce ka ƙara. Ka nisanci bakin rijiya da kan ramin masai, don murfinsa na iya ruftawa.

2. Yi masa dandamali. A share ƙasa mai laushi, a zuba burji a daddaɓe shi sosai, a shimfiɗa baƙar leda mai kauri, sannan a zuba kankare mai kaurin inci 4: kwano ɗaya na siminti, biyu na yashi, huɗu na tsakuwa. A riƙa ba shi ruwa har kwana 7. Kankare sai ya kwana 28 yake cika ƙarfinsa, saboda haka kar ka yi garajen cika tanki.

3. Saman dandamali ya daidaita. Ka sa magini ya gwada da ma'auninsa. In gefe ɗaya ya fi ƙasa, can ruwa zai danna, ƙarfen tamfol ya lanƙwashe, na gilashi kuwa ya buɗe ta wajen haɗi. Gangara a gefen dandamali ake yin ta, ta nufi magudana.

4. In dole sai tebur mai ƙafa, mai walda ya liƙa faffaɗan ƙarfe a ƙasan kowace ƙafa, ko ya zagaye ƙafafun da ƙarfe ta ƙasa. A shafa fentin hana tsatsa, a sa yankin tsohuwar taya a ƙarƙashi.

5. Tamfol a ƙasa, a tsince duwatsu da ƙusoshi da saiwoyi, a baza yashi mai laushi, a shimfiɗa tsofaffin buhuna kafin a kafa.

6. Ruwan da ka sauya, ja shi da bututu zuwa gindin ayaba, gwanda ko zogale, taki ne a gare su. In babu shuka, a haƙa rami nesa da gini a cika shi da duwatsu. Kar ka sake shi a lungu, ka jawo wa kanka duba-gari da faɗa da maƙwabta.

Mai akwatin gilashi a ɗaki, kar ka ɗora tebur kan kafet ko ledar ɗaki, domin ruwa na shiga ƙarƙashinsu ya kwanta ba ka sani ba. Yanka katako mai kauri daidai faɗin tebur, ka shafe shi da fenti, ka sa shimfiɗar roba a ƙasansa. Ranar sauya ruwa ka ajiye bokiti cikin baho, duk abin da ya ɗiga ka goge nan take. Tayil ɗin da ka ƙwanƙwasa ka ji yana ƙara kamar ganga, ƙasansa rami ne, nauyi zai fasa shi.

Masu bene kuma a kiyaye. Dakin na gidan zama galibi ana lissafa shi ne a kan kilo 150 zuwa 200 a kowace murabba'in mita, tankin lita 1,000 kuwa ya haura kilo 800. Kar ka hau da shi sai injiniya ya duba.

Kafin kifi ya shiga, cika tankin ka bar shi kwana uku. Tura kwali ko tsohuwar jarida ƙarƙashin famfo da mahaɗar bututu, in akwai yoyo za su tona shi. Ka duba ko layin ruwa ya daidaita ta kowane gefe, ka duba ko daɓe ya fara tsagewa. Gyara a wannan lokaci zubar da ruwa ne kawai. In kuwa kifi sun kai rabin kilo, ina za ka kai su?

In gidan haya kake, ka sanar da mai gida tun kafin ka sayi tanki, ka nuna masa inda ruwa zai bi. Matashin nan na Rogo ya sake zubi bana, a kan dandamalin da bai ci masa buhun siminti biyu ba, bututunsa yana zuba a gindin ayaba.

Allah Ya sa albarka a kiwonmu, Ya kare mu daga asara. Amin.