Gyaran kulas a injin gazuwal mai turbo: abin da ya kamata mai mota ya sani

Duk shekara, idan zafin Afrilu da Mayu ya haura digiri 40, garejojin Maraɗi, Damagaram da Tawa kan cika da motocin Hilux da Land Cruiser masu ciwo iri ɗaya: ruwa na ƙarewa a radiyato, kumfa na tasowa idan an buɗe murfi, farin hayaƙi na fita ta baya, wani lokaci man inji ya koma kalar shayi da madara. Sai bakanike ya ce juwan kulas ya ƙone. Abin takaicin shi ne, da yawa sukan biya kuɗin gyara, bayan ƴan watanni ciwon ya dawo, watakila a tsakiyar hanyar Agadas.

Juwan kulas, wanda a Najeriya ake kira gasket, faifai ne da ke kwance tsakanin kan inji da gangar jikinsa. Shi ke raba wuta da ruwa da mai. Injin fetur yakan matse iska kusan ninki 10, na gazuwal kuwa tsakanin ninki 16 zuwa 22, ga turbo na ƙara tura iska. Duk wannan ƙarfi yana neman ɗaga kulas ne, kuma bulon kawai ke danne shi.

Abu na farko shi ne kauri. A yawancin injunan gazuwal, kan fistan yana ɗan leƙowa sama da fuskar bulok. Shi ya sa kamfanoni irin su Toyota da Volkswagen ke yin juwan na inji ɗaya da kauri daban-daban, suna bambanta su da tsaga, huda ko harafi a gefe. Ana auna leƙowar kowane fistan, sannan a zaɓi wanda ya dace. Idan ya yi siriri, fistan na iya kusantar kulas fiye da kima. Idan ya yi kauri, matsi ya ragu, mota ta riƙa wuyar tashi a sanyin hunturu. Akwai masu cewa in an kankare kulas sai a sa mafi kauri. Kankare kulas ba ya canza leƙowar fistan, kankare bulok ne ke canza ta. Abin dubawa bayan an kankare kulas shi ne zurfin bawul.

Na biyu, nau'in juwan. Injunan zamani kamar 1KD da 2KD na Toyota suna amfani da mai fallen ƙarfe hawa-hawa. Yana jure zafi da matsi, amma yana son fuska mai santsi, ba ƙarzo, ba lanƙwasa. Kafin a ɗora shi, a kai kulas a gwada shi da miƙaƙƙen ƙarfe, a kuma bincika tsagewa, musamman idan na alminiyam ne kamar na 1KZ, wanda ba ya yafe zafi. Kada a shafa masa gam sai inda littafin injin ya ce.

Na uku, bulon. A injuna da dama, ana ɗaure su da kile mai awon ƙarfi, sannan a ƙara juyi na digiri 90, sau da yawa har karo biyu. Wannan ɗauri yana miƙar da ƙarfen, don haka tsohon bulon da ya miƙe ba zai sake riƙo kamar da ba. Ko dai a auna shi bisa ƙa'idar kamfani, ko a sayi sabon jeri. Kuɗinsa bai kai na sake buɗe inji ba.

To, ina batun gujon? Shi sandar ƙarfe ce mai zare a kai biyu: ana murɗa shi cikin bulok da hannu, a ɗora kulas, a ɗaure da noti daga sama. Yana danne kulas daidai-wa-daida, yana kare zaren bulok, kuma ana iya sake amfani da shi. Kamfanin ARP na Amurka ya yi suna a kansa. Sai dai yana da tsada, kuma amfaninsa na fitowa ne ga wanda ya ƙara wa turbo ƙarfi. Motar da ke nan yadda ta fito daga kamfani, sabbin bulon na asali sun ishe ta. Wanda ya sa gujon kuma, ya bi awon ɗauri da man shafawar da mai ƙera shi ya bayar, ba na littafin mota ba.

Ko da kaya masu kyau ne, aiki na iya ɓata su. A share ramukan bulon, domin mai ko ruwan da ya kwanta ciki na iya tsaga bulok. A fara ɗauri daga tsakiya zuwa gefe, mataki-mataki. A kula da jabun kaya masu kwali irin na asali. A ba mai shago lambar shasi, ba sunan mota kawai ba.

Daga ƙarshe, a nemo abin da ya sa injin ya yi zafi tun farko: radiyato da ya toshe, fanka, famfon ruwa, ko tamostat da aka cire. Ruwan rijiya yana barin gasari da tsatsa a ciki, gara ruwan sanyaya inji na galan. In ba a magance wannan ba, sabon juwan ma ƙonewa zai yi.