Me ya sa Baba ke farkawa ƙarfe uku na dare?

 Yau hirarmu a kan barci ce, amma barcin iyayenmu da kakanninmu, waɗanda suka haura shekara 50. Da yawa cikinmu mun saba: ka tashi fitsari tsakar dare, ka ga fitilar ɗakin Baba a kunne, rediyo na yi ƙasa-ƙasa. Da rana kuma ana cikin hira sai ka ga yana gyangyaɗi. Sai mu ce ai tsufa ne. To, wani ɓangaren tsufa ne da gaske, wani kuma ciwo ne da ake iya magancewa, kuma ya kamata mu iya bambancewa.

Mu fara da wanda yake na tsufa. Idan shekaru suka ja, agogon jiki yakan matso gaba, mutum ya riƙa jin barci da wuri, ya kuma farka da wuri. Sinadarin melatonin, wanda ƙwaƙwalwa ke saki idan duhu ya yi, yana raguwa. Barci mai nauyi shi ma yana raguwa, shi ya sa ƙaramin motsi ke tayar da tsoho. Amma buƙatar barcin ba ta ragu sosai ba. Masana sun ce baligi na buƙatar awa 7 zuwa 9, wanda ya kai shekara 65 kuma awa 7 zuwa 8. Don haka maganar da ake yi cewa tsoho awa huɗu ta ishe shi, ba haka ba ne.

To mene ne illar idan barcin bai samu ba? A shekarar 2021 an wallafa wani bincike da ya bi ma'aikatan gwamnati kusan 8,000 a Birtaniya na tsawon shekara 25. Waɗanda suka dawwama suna barcin awa 6 ko ƙasa da haka daga shekara 50 zuwa 70, haɗarin kamuwarsu da cutar mantuwa, wadda mu kan kira gigin tsufa, ya fi na masu awa 7 da kusan kashi 30 cikin 100. Binciken alaƙa ya nuna, bai ce rashin barci kaɗai ne sanadi ba. Sai dai akwai wani da ya ba da haske: a 2013, masana a Jami'ar Rochester ta Amurka sun gano a jikin ɓeraye cewa lokacin barci ne ruwan ƙwaƙwalwa ya fi wanke dattin da ya taru a cikinta. Ban da wannan, ƙarancin barci na da alaƙa da hawan jini, ciwon suga, saurin fushi da ƙuncin zuciya.

Yanzu ga abubuwan da bai kamata a bar su da sunan tsufa ba.

Na farko, minshari mai ƙarfi wanda mutum zai yi shiru kamar numfashinsa ya tsaya, can sai ya ja iska da ƙarfi. Hanyar iska ce ke toshewa, kuma yana iya faruwa sau da yawa a dare ɗaya ba tare da mai shi ya sani ba. Yana tayar da hawan jini, yana ƙara haɗarin shanyewar ɓarin jiki. Wanda ke kwana kusa da shi ne zai lura.

Na biyu, yawan tashi fitsari. Ga maza yana iya zama kumburin wani ƙullutu da ke ƙarƙashin mafitsara, ga kowa kuma yana iya zama alamar suga. Wasu magungunan hawan jini ma suna sa fitsari, idan ana shan su da yamma sai a tambayi likita ko za a mayar da su safe.

Na uku, iyayenmu mata da al'ada ke ɗauke musu, galibi tsakanin shekara 45 zuwa 55. Zafin jiki da gumin dare na hana su barci, kuma da yawa kunya ba ta barin su faɗa.

Sai abin da za mu iya yi a gida. Goro da shayi da kofi duk suna da kafeyin, kuma bayan awa 5 da ci kusan rabinsa na nan a jiki. Goron bayan la'asar ke nan yana iya biyo Baba har gado. A bar shi ya zama na safe. Ƙailula tana da kyau, amma minti 20 zuwa 30, kada ta kai yamma. A fita a sha hantsi, a ɗan taka, domin hasken safe ne ke saita agogon jiki. A rage ruwa dab da kwanciya. Mu kuma matasa, mu rage ƙarar waya da hirar tsakar gida bayan isha'i.

Abu ɗaya da nake roƙonku: kada ku je kemis ku sayo wa tsoho maganin barci irin su diyazefam da kanku. Yana sa jiri da ruɗewa, tsoho ya tashi alwala ya faɗi ya karye a ƙugu, kuma irin wannan karayar ta kwantar da mutane da yawa har ƙarshen rayuwa.

Gobe idan kun je gaida Baba ko Mama, bayan "an tashi lafiya", ku ƙara da tambaya: sau nawa aka farka jiya? Iyayenmu sukan ce "lafiya lau" ko da ba su runtsa ba, sai an zauna an tambaya a hankali. Idan amsar ta nuna ɗaya daga cikin alamun nan, ku raka su asibiti.

Allah Ya ƙara wa iyayenmu lafiya, Ya jiƙan waɗanda suka rigaye mu. Mu haɗu a shiri na gaba.