Matsalolin Shigar da Alamomin Cusa Abin Dogaro Cikin Ginshiƙin Manhajar Intanet

Manufarmu a cikin wannan 'yar takarda ita ce mu bayyana wahalhalun da maginan manhaja kan gamu da su yayin da suka so ginshiƙinsu ya fahimci alamomin cusa abin dogaro. Abin nufi da wannan dabara shi ne, ɓangaren manhaja ba ya ƙera abin da yake bukata da kansa, sai dai a miƙa masa daga waje. Martin Fowler ne ya yaɗa sunan dabarar a 2004, shekarar da harshen Java 5 ya zo da alamomi. Da farko Spring ya dogara ga fayil ɗin XML, sai a 2007 ya kawo @Autowired, Guice na kamfanin Google kuma ya fito da @Inject.

Matsala ta farko ita ce ta mallaka. Alama rubutu ce kawai, ba ta aikata kome sai in ginshiƙin ne da kansa ya ƙera ɓangaren, ya karanta ta. In wani ya riga shi ƙerawa, gurbin zai zauna fanko, kuskuren kuma ba zai bayyana ba sai manhaja tana aiki.

Ta biyu ita ce bambancin tsawon rai. Wani ɓangare yakan rayu muddin manhaja tana aiki, wani kuwa bukata ɗaya tak yake yi wa hidima. In aka cusa na biyu cikin na farko, bayanin wani mai amfani yana iya faɗawa hannun wani. Saboda haka akan cusa wakili, watau ɓangaren da zai nemo na gaskiya a kowace bukata. Wicket ma da wakili yake aiki, domin yana adana shafukansa, ba ya kuwa son ya adana abin dogaron tare da su.

Ta uku ita ce saɓanin ƙa'ida. An daidaita @Inject a 2009 ƙarƙashin JSR-330, amma a 2020 aka sauya sunan javax zuwa jakarta, abin da ya tilasta wa masu ƙaura gyara tsofaffin manhajojinsu.

Bisa ga wannan, muna ba 'yan'uwa malamai shawara su fara koya wa ɗalibai miƙa abin dogaro da hannu, kafin su nuna musu alamomi. Ɗalibin da ya san wanda ke ƙera ɓangare, da ranar mutuwarsa, shi zai iya gano kuskure in alama ta ƙi aiki.