Takardun Maharam da Garuruwan Malamai a Daular Kanem-Barno

1.0 Gabatarwa

Unguwar Guji tana cikin birnin Injamena, kudu da Tafkin Chadi, a yankin da daular Kanem-Barno ta yi tasiri na ɗaruruwan shekaru. Wannan takarda za ta yi bayani kan maharam, wato hanyar da sarakunan daular suka bi wajen keɓe malamai da ƙasarsu, sannan ta kwatanta shi da gandayen gidajen bauta na ƙasar Japan.

2.0 Ma'anar Maharam

Kalmar ta samo asali ne daga Larabci, tushenta ɗaya da "haram". Maharam takarda ce da Mai, wato sarkin daular, yake rubuta wa malami, inda yake haramta wa hakimai da bayin sarki taɓa shi ko zuriyarsa ko dukiyarsa. Mai riƙe da ita ba ya biyan haraji, ba a kuma tilasta masa fita yaƙi. Shi kuwa aikinsa karantarwa da yi wa sarki addu'a.

Mafi daɗewa shi ne wanda ake jingina wa Mai Hume na ƙarshen ƙarni na 11, wanda ya bai wa malaminsa Muhammad bn Mani. H. R. Palmer ya buga fassarar wasu daga cikin takardun a 1928.

3.0 Malamti

Garin da irin wannan malami ya kafa shi ake kira "malamti" da Barbarci. Da yake mai karɓar haraji ba ya shiga, sai almajirai da manoma suka riƙa komawa can. Wannan ya bunƙasa karatun Alƙur'ani, amma ya rage abin da ke shiga baitulmali. Saboda muhimmancin takardar, zuriyar malami kan kai ta wurin sabon Mai domin ya sabunta ta.

4.0 Kwatanci da Japan

A shekarar 743 aka yi doka a Japan da ta bai wa wanda ya share daji damar mallakar gonar har abada. Manyan gidajen bautar Buda, irin su Todaiji na birnin Nara, suka tara gandaye da ake kira "showen". Sannu a hankali da yawansu suka sami rangwamen haraji da ikon hana jami'an hukuma shiga. Wasu ma suka tara mayaƙa, har Oda Nobunaga ya ƙone Enryakuji a 1571.

Bambancin shi ne, a Japan gidan bautar ne ke mallakar gandu, a Barno kuwa alfarmar tana bin malami ne da zuriyarsa.

5.0 Kammalawa

An ga yadda dauloli biyu masu nisa da juna suka sadaukar da wani kaso na harajinsu domin samun goyon bayan masu addini. A Japan gandayen sun kai ga ƙalubalantar hukuma da makami, a Barno kuwa ƙarfin malamti ya tsaya ne ga ilmi da amincewar Mai.